Sunan ne ya ɓata laimar kwaɗi

Muna yara, in damina ta kankama, da sassafe sai mu tarar ta ɓullo a gindin suri ko a jikin ruɓaɓɓen kututture. Ƙwallo muke yi da ita. Kakata kuwa, ko hannunka ta ga ya nufi wurin, sai ta kora ka bakin rijiya ka wanke. Wa zai ci abin da aka raɗa wa suna laimar kwaɗi?

Ni dai na ci, ban ma sani ba. Ina bautar ƙasa a Ekiti, matar mai gidan da nake haya ta zubo mini sakwara da miyar agushi. Na tauna wani abu mai sulɓi da ɗan gardi, na zaci ganda ce. Sai da na suɗe kwano ta ce mini olu ne, ta kwatanta da hannu. Na kwana ina jiran ciwon ciki, shiru.

Laimar kwaɗi ba tsiro ba ce. Tun 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware wa danginta gidansu daban, domin ba sa haɗa abinci da hasken rana. Abin da muke gani a sama 'ya'ya ne kawai. Uwar tana ƙarƙashi, wasu fararen zaruruwa masu cin ruɓaɓɓen abu. Danginta ne yis ɗin da ke kumbura mana burodi da fanke, haka ma fumfunar da aka gano maganin fenisilin a jikinta a 1928. Ta gindin suri kuwa, gara ce ke noma ta a cikin gidanta. A Zambiya akwai irinta da faɗinta kan kusa mita guda, ana sayar da ita a bakin titi.

Ba na cewa kakata ta yi kuskure. Akwai mai dafi da ke ruguza hanta, dahuwa ba ta kashe dafin, kuma mutum kan yi sa'o'i garau kafin ta kayar da shi. A 2023 ta kashe mutum uku a Ostireliya bayan cin abincin rana ɗaya. Wanda bai gaji sanin ta daji ba, ya bar ta inda ya gan ta.

Wadda ake nomawa nake magana. A Ghana, garin katako ake durawa a leda, a turara shi, a zuba iri, a jera a ɗaki mai duhu da danshi. Cikin 'yan makonni ana tsinka. Tana kama karan shinkafa ma, wanda a Kura da fadamun Kebbi wani kan cinna wa wuta don ya rasa yadda zai yi da shi. Ba ta neman gona, ba ta neman taki. Matar da ba ta fita za ta iya yin ta a ɗakin da aka jibge tarkace. Zafin bazara zai ba da wahala, na sani, amma damina fa? Jos da Mambila fa?

Masu tallata ta kan ce ta maye gurbin nama. Wannan zuƙi ta malle ne: kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, wake ya fi ta gina jiki nesa ba kusa ba. Amma tana ba miya ɗanɗano da abin taunawa, a lokacin da magidanci ke wuce teburin mahauci yana kau da kai.

Kwanan baya na saya a wani kanti a Abuja, maiɗakina ta sa a miyar taushe. Na ce wa yara naman kaza ne, wanda shi ma sunanta ne a Hausa. Ƙaraminsu har ƙari ya nema.