Kuɗin Hayar Shekara Da Mai Juna Biyu A Muda Lawal

Ma'aikacin tarayya da aka tura Bauchi yakan kama gida kusa da Kasuwar Muda Lawal saboda sauƙin cefane da abin hawa. Lissafin yakan sauya da zarar maiɗakinsa ta samu juna biyu. Ga hayaƙin motocin da ke sauke kayan gwari tun asuba, ga kwatamin da ke ambaliya da damina, ga kuma fargabar gobara, wadda kasuwannin Arewa suka sha fama da ita. Idan ya nemi tashi bayan wata huɗu, amsar mai gida guda ce: kuɗin da ya shiga ba ya fita.

Tushen matsalar shi ne biyan hayar shekara gaba ɗaya. Legas ta yi dokar haya a 2011, amma ta bar wa masu gidaje damar karɓar kuɗin shekara daga sabon ɗan haya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudirin biyan haya wata-wata a Abuja, bai zama doka ba. Alhali tun da daɗewa malaman Hanafiyya suka halatta warware yarjejeniyar haya saboda uzuri.

Mai gida ma yana da hakki, domin sau da yawa ya riga ya kashe kuɗin. Don haka kafin sa hannu ya kamata a rubuta sharaɗi ƙarara: sanarwar wata ɗaya, takardar likita, mai gida ya riƙe kuɗin wata guda, ya mayar da sauran idan sabon ɗan haya ya shiga.