Linzamin Jirgin Sama Ba A Yi Masa Riƙon Sakainar Kashi

Mutanen Wambai da sauran unguwannin Suleja maƙwabtan filin jirgin saman Abuja ne, amma ba kowa ya san abin da ke riƙe da linzamin waɗannan jirage ba.

Duk direban da ya saba bin hanyar Dutsen Zuma ya san cewa in mota tana tafiya a hankali sai an murɗa sitiyari sosai, in kuwa ta ɗau gudu, ɗan taɓawa kaɗan ya isa ya jefa ta daji. To, haka jirgin sama yake. Ƙarfin da iska ke yi a kan fukafukansa yana ninkuwa huɗu idan gudunsa ya ninka biyu, kuma yana raguwa in ya yi sama inda iska ba ta da kauri. Saboda haka injiniyoyi sukan tsara jadawali, su ƙayyade yawan motsin da ya dace da kowane gudu da kowane nisa daga ƙasa, kwamfutar jirgin kuma ta riƙa cike gurbin da ke tsakani.

Sai dai fa jadawalin ba ya gani da idonsa, abin da ma'aunai suka faɗa masa shi yake bi. A 1996 jirgin Birgenair ya faɗa teku da mutum 189, masu bincike kuma suka fi zaton zanzaro ne ya gina ɗaki cikin bututun auna gudu. A jirgin Boeing 737 MAX kuwa, an ba na'urar MCAS ikon danna hancin jirgi ƙasa, aka ƙara mata iko daga digiri 0.6 zuwa 2.5 don lokacin da gudu ya ragu, alhali a lokacin ma'auni ɗaya tak take saurare. A ran 10 ga Maris 1999 ba a san da ita ba, amma a ran 10 ga Maris 2019 ta hallaka mutum 157 a Habasha, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi. Nijeriya ta hana jirgin shiga sararinta, sai a 2021 ta ɗage.

Abin lura ga hukuma shi ne, sayen jirgi daban, sanin cikinsa daban. Ƙasar nan tana da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya tun 1964, sojojin sama kuma sun ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a Kaduna a 2018. Ya kamata a ɗora a kan wannan, a horar da injiniyoyin da za su iya bin jadawalin nan layi-layi, a kuma tsananta duba ma'aunai, musamman a ƙasa mai ƙurar hunturu da zanzaro irin tamu. In ba haka ba, sai abin da kamfanin ƙera jirgi ya faɗa kawai za a riƙa karɓa, an kuwa ga inda hakan ya kai a 2019.