WANE FIM NE A WAYAR GIDANKI?

 Yau a filin namu zancen kallon fim za mu yi.

Iyayenmu sukan ba mu labarin zamanin majigi, sa'ad da motar gwamnati takan zo ƙofar fada da almuru, a kafa farin ƙyalle a nuna Baban Larai. Matar aure kuwa tana cikin gida, sai dai yara su komo su labarta mata. To, yau ga fim ya biyo mu har uwar ɗaka. Yaro zai kai waya shagon caji a kasuwar Gummi ko ta Anka, a tura masa finafinai goma a cakuɗe, ba wanda ya tambayi abin da ke ciki.

Ni dai na Indiya ne ya fara sa ni hawaye, watau Mother India na 1957. Tare da surukata muka kalli shi, ita ba ta jin ko kalma ɗaya, amma da ta ga mai ba da bashin nan ya zo masussuka yana kwashe hatsin matar, sai ta ce, "Wannan ai mun san shi." Gaskiyarta. Wace mace ce a karkararmu ba ta san bashin da akan ci da damina a biya da kaka ninki biyu ba? Har yanzu muna gardama da ita a kan ƙarshensa, inda uwar ta harbe ɗanta don ya ɗauke 'yar mutane. Ita ta ce daidai ne. Ni kuwa hannuna ba zai iya ba.

Na ban dariya ba ni da ta cewa a kansu. Allah ya ji ƙan Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Ya sha raba ni da gajiyar alli. Na soyayya da kishi kuwa, ku 'yan mata ku lura, gidan da kuke gani ba a daka, ba a zuwa rijiya, aro aka yi na kwana biyu. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya fi kama da mu, don akwai 'yan gudun hijira a ciki, mu ma ga su a garuruwanmu.

Wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fim ɗin yaƙi, irin na Amurka da na Cainis. Da can ina kallonsa kamar wasan yara. Amma a watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, waɗanda suka tsira suka shigo gari da 'ya'yansu. Ɗaya daga cikin yaran nan tana ajina. Ran nan da tara wani yaro ya kunna irin wannan fim a bayan taga, ƙarar harbi ta tashi, kafin in waiwaya yarinyar ta shige ƙarƙashin benci tana makyarkyata. Kwana uku ba ta zo makaranta ba. Tun daga ranar ni ma ban sake iya kallonsa ba.

Saboda haka ina roƙonku, uwargida da amarya, kafin ki miƙa wa yara waya ki fara duba abin da aka tura. In maigida ne mai son na harbi, a lallashe shi ya rage sauti da dare, don maƙwabciya ba ta san fim ba ne, tana iya saɓar goyo ta yi daji.

Sa'an nan ina da kira ga masu shirya fim na Kano. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, domin ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai ƙasa baki. Iyayen yaran nan da yawa suna nan da ransu. Ku zo ku ji daga bakinsu, ku yi mana fim a kai. Ni zan nemi izinin hedimasta in nuna wa 'yan aji shida.