Satar jarrabawa a jami'o'i: Korar ɗalibai kaɗai ba za ta magance ta ba

Kusan duk ƙarshen zangon karatu sai wata jami'a ta fitar da sanarwar cewa ta kori ɗalibai kaza, ta dakatar da wasu, bisa laifin satar jarrabawa. A liƙa sunaye a allon sanarwa, jaridu su ɗauka, iyaye su yi salati, sannan a koma aji a ci gaba da koyarwa yadda aka saba. Zango na gaba sai ga wani sabon jerin sunayen.

Babu mai cewa kada a hukunta wanda aka kama da takardar amsa a cikin safa, ko waya a ƙarƙashin hijabi, ko wanda ya ɗauko haya wani ya zauna masa jarrabawa. Hukuncin ya dace. Sai dai in da tsananin hukunci ne maganin wannan cuta, da tuni Najeriya ta warke. Tun a 1914 aka fara samun rahoton fitar da tambayoyin jarrabawa kafin ranarta a ƙasar nan. A 1977 abin ya kai ga gwamnati ta kafa kwamitin bincike kan jarrabawar WAEC. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 kuma aka yi wata dokar da ke aiki har yanzu, mai tanadin tara da ɗauri ga ɗalibi da malami da mai sa ido. Dokokin suna nan a rubuce, satar kuma sai ƙara wayewa take yi.

Dalili kuwa shi ne ba a ɗakin jarrabawa ake haifar satar ba. A can dai ake ganinta. Asalinta na cikin aji, tun makon farko na zango.

A duba yadda ake koyar da kwasa-kwasai da yawa, musamman waɗanda ake tara ɗaliban aji ɗaya ko biyu daga sassa daban-daban. Ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki guda, wasu a kan taga, wasu a tsaye, na baya ba ya jin abin da malami ke faɗa. Rahoton kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 kan buƙatun jami'o'in gwamnati ya nuna cewa a wasu jami'o'in malami ɗaya ne ga ɗalibai sama da 100, kuma malaman da ke da digirin digirgir ba su kai rabi ba. Malamin da zai duba takardu ɗari bakwai cikin mako biyu ba zai yi tambayar da ke buƙatar tunani ba. Zai tambayi abin da ke cikin handawut ɗinsa, ya nemi a maido masa da shi kalma bayan kalma. Sau da yawa ma tambayoyin bara ne, na barar kuma su ne na bara waccan. Jarrabawar da haddar shafi goma ke ci, ƙaramar takarda a aljihu ma za ta ci ta. Ɗalibai sun san haka, kuma ba sa buƙatar kowa ya koya musu.

Yajin aiki ma ya ƙara dagula lamarin. Bayan wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi ba ta shiga aji ba a 2022, an dunƙule zanguna, aka yi gaggawar kammala manhaja, aka kira jarrabawa a kan abin da ba a gama koyarwa ba.

Inda abin ya fi muni shi ne kundin binciken kammala digiri. A bakin ƙofar jami'o'i da yawa akwai shagunan buga takardu da kowa ya san ana sayar da kundi a cikinsu. A ɗauko wanda aka rubuta a wata jami'a, a sauya sunan ƙaramar hukumar da aka ce an yi binciken a kanta, a ƙirƙiri alƙaluma, a ɗaure da bango mai kyau. Malamin da aka ɗora wa ɗalibai talatin ko arba'in ya duba aikinsu, ga koyarwa ga aikin ofis, sai ya sa hannu a shafin farko. Wannan ɗalibin ba ya shiga jerin waɗanda aka kora, alhali satarsa ta fi ta mai ƙaramar takarda girma. Shi ne ma wani lokaci ke fita da sakamako mai kyau.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai malaman da ke sayar da maki da kuɗi, da masu tilasta sayen handawut kafin a ci kwas ɗinsu, da masu neman lalata da ɗalibai mata. A Disambar 2018 wata Babbar Kotun Tarayya a Osogbo ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu saboda neman lalata da ɗalibarsa domin ba ta maki, kuma a 2019 binciken ɓoye na BBC ya bankaɗo irin wannan a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Yawancin malamai ba haka suke ba, da yawansu ma suna aiki cikin ƙunci da riƙon amana. Amma ɗalibin da ya ga ana cinikin maki a sashensu ba tare da an taɓa kowa ba, da wuya wa'azin gaskiya ya ratsa shi a ranar rantsar da sababbin ɗalibai.

Kasuwar tana ci ne saboda takardar ake nema. Lokacin da Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida a 2023, har ya shiga hidimar ƙasa da shi, gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. An yi ta mamaki. Amma tsakanin digirin mako shida da na shekara huɗu da aka haɗa da sata, bambancin a tsawon lokaci ne kawai. Kuma al'umma ce ke biyan kuɗin. A 2017 malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi gwajin da gwamnatin Kaduna ta yi musu da tambayoyin 'yan aji huɗu. An yi gardama a kan yadda aka shirya gwajin, sai dai akasarinsu da takardar shaidar karatu a hannu suka shiga aikin. A sa likita ko injiniyan gada a wannan gurbin a ga inda aka dosa.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, duk ɗalibin da ke da waya da data zai iya samun aikin gida a kammale cikin minti ɗaya. Manhajojin gano satar rubutu irin su Turnitin suna da amfani wajen kama abin da aka kwafo, amma ba za a dogara da na'ura ita kaɗai a yanke wa ɗalibi hukunci ba, don tana kuskure, kuma ɗalibin da ya rubuta da kansa zai iya faɗawa ciki.

Hanyar da ta fi aminci tsohuwa ce, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo da ta zaure, almajiri ba ya wuce darasi sai ya biya shi a gaban malam. Jami'a za ta iya ɗaukar wannan. Minti biyar na tambaya baki da baki a kan aikin da ɗalibi ya kawo sun isa a gane ko shi ya yi. A manyan azuzuwa ba sai an kira kowa ba. Sanin cewa za a iya zaɓo kowa a kowane lokaci ya wadatar. Kundin digiri kuwa a riƙa karɓarsa babi-babi, tare da takardun tambayoyi da bayanan da aka tattaro, kuma zaman kare shi ya zama na gaske. Tambayoyin jarrabawa su sauya duk shekara, su nemi ɗalibi ya yi aiki da abin da ya koya a kan matsalar da ba ta cikin handawut. A koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake ambaton marubucin da aka ɗauko maganarsa, don da yawansu sun taso ne a makarantun da kwafe littafi shi ne karatu, ba su ma san laifi ba ne.

Duk wannan na buƙatar ƙarin malamai, da daina ɗaukar ɗaliban da suka fi ƙarfin aji saboda kuɗin shiga. Yana kuma buƙatar hanyar da ɗalibi zai kai ƙarar malami, ko ya nemi a sake duba takardarsa, ba tare da fargabar za a rama a kansa ba. Jami'ar da ke wallafa adadin ɗaliban da ta kora ta riƙa wallafa na malaman da ta hukunta.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ma na da rawar takawa. Idan tawagarta ta je tantance kwas, bayan ƙirga kujeru da littattafai, ta jera tambayoyin jarrabawar shekara biyar ta kwatanta su, ta zaro kundi goma daga kan kanta ba tare da an zaɓa mata ba, sannan ta nemi a kira ɗaliban ajin ƙarshe su yi bayanin abin da suke rubutawa.