Malamin Gona Da Ma'aikacin Lafiya Su Zo Mana Rana Ɗaya



A daminar da ta wuce an kawo mana wani yaro ɗan cirani daga wata gona a yankin Oke-Ogun. Ya wuni yana feshin maganin ƙwari da rana tsaka, ba takunkumi, ba safar hannu, famfon kuma yana ɗiga a bayansa. Da yamma sai amai, gumi, yawu na dalala, numfashi da ƙyar. Abokan aikinsa suka ɗura masa manja, suka jira gari ya waye. Allah ya sa da sauran kwanansa. Da na tambaye shi ko ya san abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sai ya ce da Turanci ne, kuma ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Wannan ya sa nake ganin lokaci ya yi da ƙungiyarmu za ta nemi malaman gona da ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa wurin mutanenmu tare, rana ɗaya, da tafinta.

Dalili shi ne matsalar ɗaya ce. Malamin gona ne ya san adadin maganin da ake zubawa a famfo, ya san a yi feshi da sassafe ko da yamma, kada a fuskanci iska, ya san kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir ko barkono. Ma'aikacin lafiya ne zai gaya maka idan magani ya zube wa mutum a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kada a ba shi manja ko madara, kada a tilasta masa amai, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Wanda ya ji ɗaya bai ji ɗaya ba, rabin darasi ya samu.

Abin bai tsaya a gona ba. Mu da ke harkar hatsi a Bodija mun san yadda wasu ke zuba fiya-fiya a wake don kada ƙwari su ci. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, hukumar NAFDAC kuma ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Alhali ga buhun PICS mai rufi uku: ka busar da wake sosai, ka ɗaure kowane rufi da kyau, ƙwarin su mutu don rashin iska, ba ko ɗigon magani. Manomanmu nawa aka taɓa nuna wa yadda ake ɗaure shi?

Na san wasu za su ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, amma ma'aikaci ba zai je inda bai san da mutane ba, kuma ko ya je, idan da Yarbanci ko Turanci zai yi bayani, sabon ɗan cirani gyaɗa kai kawai zai yi. Wasu kuma suna tsoron duk mai riƙe da biro da takarda. Maganin wannan shi ne a gan shi tare da wakilin Sarkin Hausawa da limamin wurin.

Shawarata ga shugabanni guda uku ce. Mu rubuta ƙauyukan da mutanenmu ke noma. Mu zaɓi matasa masu jin Hausa da Yarbanci su zama tafintoci, ƙungiya ta biya musu kuɗin mota. Sannan mu kai takarda sashen gona da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, mu nemi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mata kuma a ware musu nasu zaman da ma'aikaciya mace, domin su ne ke wanke kayan feshi, su ne ke ɗebo ruwa a jarkar da aka gama amfani da maganinta. A nan ne kuma za a duba katin rigakafin yara.

Duk wanda ya san ƙauyen da ya kamata a fara da shi, ya kawo sunansa taron wata mai zuwa, kafin ruwa ya sauka a fara feshi.

Allah ya tsare mu, ya sa albarka a nemanmu.

Sakataren ƙungiya