Ɗalibi, Rufe Littafin Ka Biya

Duk shekara yaran Tsarnawa da Ƙonni da suka ci BAC suna kama hanyar Tawa zuwa Jami'ar Djibo Hamani. Da yawansu na kwana kan littafi, suna maimaita shafi ɗaya har asuba, amma ranar jarrabawa kai ya ɗauke. Sai ka ji ana cewa, "Ni da kunne nake ganewa, malamin kuwa rubutu ya fi yi."

Wannan uzuri bai da ƙarfi. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi kan batun, ba su sami gamsasshiyar hujja cewa koyar da kowa ta salon da ya fi so na ƙara masa fahimta ba. Abin da ya tabbata daban ne: a 2006 Roediger da Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tunowa sun fi masu sake karantawa riƙe darasi bayan mako guda.

Ai makarantar allo ta riga mu sanin haka. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam, kuma yana komawa tilawar baya kullum.

Sai dai hadda kaɗai ba ta isa a jami'a. Darasin da aka ba ka da Faransanci, rufe littafin ka bayyana wa abokinka shi da Hausa. Inda ka cije, nan ne ba ka gane ba. Koma can yau, ka sake gwadawa jibi.