Wa Ya Kasa Fahimtar Wa?

A shekarar 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam uku a Landan, Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith, suka zaunar da yara a gaban 'yan tsana biyu. Ɗaya sunanta Sally, tana da kwando. Ɗaya Anne, tana da akwati. Sally ta saka ɗan dutsen wasanta a kwando ta fita. Tana ba da baya, Anne ta ɗauke dutsen ta ɓoye a akwatinta. Sai a tambayi yaro: idan Sally ta dawo, ina za ta duba? Cikin yara 20 masu larurar galahanga da aka gwada, 16 suka nuna akwati, inda dutsen yake, maimakon kwando, inda Sally ta bar shi. A kan wannan aka kafa hukuncin da ya cika littattafan jami'o'i: wai mai galahanga ba ya gane cewa wani yana da tunani daban da nasa. A 1995 Baron-Cohen ya fitar da littafi sukutum yana kiran abin makanta.

Yara 20 da 'yan tsana biyu! Abin nan yana ƙona mini rai. To, huɗun da suka amsa daidai fa? A 1995 ɗin nan Francesca Happé ta nuna cewa cin wannan gwaji yana tafiya ne da ƙarfin harshen yaro. A Ostireliya kuma Candida Peterson da Michael Siegal suka gwada yara kurame waɗanda iyayensu ke ji, suka tarar su ma da yawansu suna faɗuwa, alhali ba su da galahanga. An auna yaro da tambayar baki, ya yi tuntuɓe a kan magana, aka ce zuciyarsa ce a toshe.

Wannan ɗabi'a ta ɗora laifi a kan wanda ba zai iya kare kansa ba ta daɗe a fagen. Leo Kanner, wanda ya bayyana larurar a 1943 bayan nazarin yara 11 a Baltimore, ya yi ta maganar sanyin halin iyayen. Bruno Bettelheim na Chicago ya ɗauki zancen ya kai shi ƙarshe: a littafinsa na 1967 ya kwatanta yaran da fursunonin sansanin 'yan Nazi, ya ce rashin ƙaunar uwa ne ya kulle su. Ka dubi macen da ta kwana tana goyon ɗan da ba ya barci, ta wayi gari wani mai digiri ya ce mata ita ce cutar ɗanta. Sai da Bernard Rimland, wanda shi kansa uba ne ga yaro mai larurar, ya tashi a 1964 ya ce abin daga halittar ƙwaƙwalwa ne, sannan binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977 ya nuna ƙarfin gado a ciki. Shekarun da iyayen nan mata suka yi cikin kuka da zargin kai, wa zai biya su?

Yaran ma ba su tsira ba. Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya ya yi amfani da mari da tsawa da jan wutar lantarki don tilasta musu yin abin da sauran yara ke yi. Kada a ce wannan tarihi ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta na'urar jan wutar da wata cibiya ke amfani da ita a Massachusetts a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021.

Yaushe al'amarin ya fara sauyawa? Lokacin da masu larurar da kansu suka shiga ɗakin bincike. Michelle Dawson, mai galahanga ce, ta yi aiki da Laurent Mottron a Montreal. A 2007 suka ba yara gwajin basira iri biyu: na Wechsler, wanda ya jingina da magana, da na Raven, inda za ka dubi zane ka gano guntun da ya ɓace ba tare da ka furta komai ba. A matsakaici, sakamakon yaran a gwajin Raven ya haura na Wechsler da matsayi 30 cikin ɗari. Wasu da aka riga aka rubuta musu raunin hankali suka fito da sakamako irin na kowa. A 2012 Damian Milton, shi ma mai larurar, ya faɗi abin da ya kamata a ce tun farko: rashin fahimtar nan na ɓangare biyu ne. Mu ma ba ma karanta fuskarsu, ba ma gane nufinsu, amma ba wanda ya kira mu makafi. A 2020 Catherine Crompton a Edinburgh ta jera mutane takwas-takwas, na farko ya ba na biyu labari, na biyu ya ba na uku, har ƙarshe. Layin masu galahanga zalla ya isar da labarin kamar yadda layin marasa ita ya isar. Da aka sake gwajin da mutane fiye da 300 aka buga a 2025, sakamakon nan bai canza ba.

Ban ce larurar wasa ce ba. Akwai yaran da ba za su taɓa magana ba, akwai masu buga kansu da bango, akwai gidajen da hidimar ta durƙusar. Daidai saboda haka ne ɓata shekaru a kan hukuncin da bai da tushe mai ƙarfi ya zama zalunci.

A nan gida, abin da Bettelheim ya rubuta da Turanci muna faɗarsa da Hausa. Yaro ya toshe kunnuwa a gidan biki saboda ƙarar kiɗa tana huda masa kai, yana lilo da jiki don ya samu natsuwa, sai kishiya ta ce shafar aljanu ce, uwar miji ta ce uwarsa ce ta yi yawon magariba da ciki. A kai shi hayaƙi, a kai shi duka. Wanda ya yi sa'a ya isa asibiti, da ma'aunin da aka tsara a Turai da Amurka za a auna shi, inda ƙin kallon ƙwayar ido alama ce da ake lissafawa, alhali mu tun yaro na rarrafe muke koya masa sunkuyar da kai gaban babba.

Ina kira ga sassan nazarin halayya da na likitancin ƙwaƙwalwa a jami'o'inmu: ku daidaita ma'aunin da harshenmu da tarbiyyarmu kafin ku yanke wa ɗan wani hukunci. Ku ba yaron da ba ya magana katin hoto, ko alamar hannu, ko allon waya, ku jira amsarsa ko da za ta ɗauki minti biyar. Manyan da ke rayuwa da larurar kuma suna nan a Kano da Zariya da Damagaram. Ku nemo su, ku zaunar da su a teburin da ake tsara binciken, ku biya su ladan aikinsu.